Kwamfuta Tana Jone da Wuta, Batir Ya Ƙi Caji: Abin Dubawa Kafin a Sayi Sabo

Kwamfutar tafi-da-gidanka kan nuna tana jone da wuta, amma cajin ya kafe wuri ɗaya, ko ma ya riƙa raguwa. Masu ita da yawa a Madarunfa nan take suke cewa batir ya mutu, su kama hanyar Maraɗi neman wani, kuma sau da yawa asarar kuɗi ce kawai. Kafin wuta ta isa batir sai ta bi ta soket, ta caja, ta ramin caji, ta kuma bi ta wani ɗan sashe na babban allon kwamfutar mai ba da izinin caji. Ko'ina a hanyar nan tana iya tsayawa, don haka batir ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma.

Daga bango ake farawa. Wutar NIGELEC da ake sha a Madarunfa da sauran jihar Maraɗi, mafi yawanta daga Najeriya take zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024, kuma a tsakanin nan ofisoshi da shaguna da yawa suka dogara ga janareta da sola. Cajar kirki ba ta cika damuwa da raunin wuta ba, domin a jikinta an rubuta tana karɓar daga bolt 100 zuwa 240. Abin da ke kashe ta shi ne ƙarfin da wuta kan dawo da shi bayan an ɗauke, da tsawar damina, da ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Idan an ɗauke wuta a zare caja, idan an kawo a dakata 'yan mintoci. Akwai kuma matsalar kan fulogi: soket ɗin Nijar mai baki biyu ne zagayayyu, cajar da aka shigo da ita daga Jibiya ko Kano ta Ɗan Isa kuwa mai ƙafa uku ce. Adaftar araha da ake haɗa su da ita takan yi sako-sako, wuta tana shiga tana fita. A gwada wani soket kai tsaye.

Caja ce ta fi yawan laifi. A bayanta akwai rubutu ƙanana mai nuna bolt da amfiya da wat ɗin da take fitarwa, a ƙarƙashin kwamfutar ma akwai irinsa mai nuna abin da take bukata. HP da Dell galibi bolt 19.5 suke so, Lenovo 20, Acer da Asus da Toshiba 19. Bolt dole ya dace. Wat kuwa ya kai ko ya fi. Kwamfutar da aka ƙera wa cajar wat 90, idan aka ba ta mai 45, za ta kunna ta yi aiki, amma babu rarar da za ta shiga batir. Alamar hakan a fili take: tana caji idan an kashe ta, ba ta yi idan ana aiki. Wannan ya yi yawa a kwamfutocin hannu, waɗanda ba kasafai suke isowa da cajarsu ta asali ba, sai mai shago ya ɗauko wadda bakinta ya shiga ya haɗa wa mai saye.

Shigar baki kuwa ba hujja ba ce. Wanda ya leƙa cikin bakin cajar Dell ko HP zai ga wata siririyar allura a tsakiya. Ba ita ke ɗauke da wutar aiki ba. Ta nan ne kwamfutar ke gane irin cajar da ƙarfinta. In allurar ta lanƙwashe, ko ta karye, ko wayarta ta tsinke a ciki saboda naɗe igiya da ƙarfi a jikin caja, kwamfutar za ta karɓi wuta ta ƙi yi wa batir caji, har ta rage gudu. A Dell, danna F2 lokacin kunnawa na buɗe shafin BIOS, inda ake ganin ko ta gane wat ɗin cajar. Gwaji mafi sauƙi shi ne a aro caja ta asali irinta wurin abokin aiki: idan caji ya kama, magana ta ƙare. Masu ramin USB-C su sani ba kowane rami ne ke karɓar caji ba, kuma cajar wayar salula ba ta isa.

Ramin cajin kansa yakan cika da ƙurar hunturu, ko ya kwance saboda an yi tuntuɓe da igiya. Idan fitilar caji tana kamawa tana mutuwa in an motsa bakin, galibi ramin ne, kuma mai gyara na iya sauya shi. Idan kuwa fitilar jikin cajar ce ke mutuwa da zarar an jona ta, akwai haɗuwar wuta a cikin kwamfutar. Nan a daina gwaje-gwaje, a kai wa masu aikin.

Zafi ma na hana caji, abin da ba a cika lura da shi ba. Batirin lithium yana da ma'aunin zafi a cikinsa, kuma yakan dakatar da caji idan ya haura wajen digiri 45. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana a Madarunfa ke wuce 40, kwamfutar da aka ɗora kan katifa a ɗakin kwano, fankarta cike da ƙura, ba ta daɗewa take kai wannan iyaka. A kashe ta, a aje ta kan tebur a inuwa, a sake gwadawa da dare.

Wani lokaci babu abin da ya lalace. Lenovo da Asus da Dell da HP duk suna da tsarin da ke tsayar da caji a kashi 60 ko 80 cikin 100 don tsawaita ran batir, ana samunsa a manhajar Lenovo Vantage ko MyASUS ko cikin BIOS. Cajin da kullum yake tsayawa kan lamba ɗaya daidai, wataƙila mai kwamfutar na farko ne ya kunna tsarin. Mai aiki a ofis ya bar shi, yana da amfani. Mai zuwa ƙauyukan da babu wuta ya kashe shi.

Daga nan sai a zare caja, a cire batir in mai cirewa ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan a jona caja kaɗai. In ta kunna ba tare da batir ba, wuta na isa cikinta. A Windows ana iya buɗe Device Manager, wanda a kwamfutocin Faransanci ke ɗauke da sunan Gestionnaire de périphériques, a cire layin batir mai ɗauke da harufan ACPI, a sake kunnawa. Windows zai maido shi da kansa.

Sai yanzu ake waiwayar batir. Rubuta powercfg /batteryreport a tagar umarni na fitar da rahoto mai lambobi biyu masu muhimmanci: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da wanda yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyu ya faɗi ƙasa da rabin na farko, ya tsufa. Yawancin irin waɗannan batura daga cikawa da ƙarewa 300 zuwa 500 suke fara gajiya sosai, zafi kuma na gaggauta hakan. Akwai wata mutuwar ta daban: malamin makaranta ya rufe kwamfuta a akwati babu caji tsawon babban hutu, ƙwayoyin batirin su zube ƙasa da ƙa'ida, na'urar kariyar ciki ta kulle shi. Wadda za a aje, a bar ta da rabin caji. Sa batir a firij ba ya farfaɗo da shi, danshi kawai yake ƙara masa.

Batirin da ya kumbura, har ya ɗaga madannai ko ya buɗe gefen kwamfutar, ba na gwaji ba ne. A daina jona ta, kada a matsa shi, kada a huda shi. Batirin lithium na kama wuta: a watan Agustan 2006 Dell ya janye batura miliyan 4.1 da Sony ya ƙera saboda wannan haɗari. Masu fasa batir su cusa tsofaffin ƙwayoyi, ko su ba shi wuta kai tsaye don ya tashi, suna tsallake kariyar da ke hana gobara ne. Mataccen batir ba a jefa shi juji inda ake cinna wa shara wuta, ba a kuma jefa shi tafki; a rufe bakinsa da salatif a miƙa wa mai gyara. Mai sayen sabo ya tafi da kwamfutar da cajarta, ya daidaita lambar jikin tsohon da ta sabon, a sa a gabansa, ya ga cajin yana hawa, ya kuma fitar da rahoton nan kafin ya biya, domin ana sayar da tsohon batir cikin sabon kwali.