Ja da Matsi a Ginin Ɗan Tayi

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Duk telan da ke Birnin Kudu ya san cewa idan aka ja zariya, ƙubakar wando tana tsukewa, yadin kuma ya tattare. To, irin wannan aiki ne ake yi a cikin mahaifa, sai dai ido ba ya ganinsa.

A mako na uku bayan shigar ciki, ɗan tayi ba shi da kai ba shi da ƙafa. Wani ɗan faifai ne shimfiɗaɗɗe, na ƙwayoyin halitta da ke manne da juna. A saman kowace ƙwaya akwai wani zobe na zarurruka, aktin da mayosin, irin waɗanda ke motsa tsokar hannunmu. Idan ƙwayoyin da ke tsakiyar bayan ɗan tayin suka ja wannan zariya tasu, samansu ya tsuke, ƙasansu kuwa ya zauna da faɗinsa. Da yake kowace tana riƙe da maƙwabciyarta, tilas shimfiɗar ta lanƙwashe, ta zama kamar indararo. A lokaci guda ƙwayoyin suna kutsawa tsakanin junansu, har faifan ya rage faɗi ya ƙara tsawo. Daga nan leɓɓan indararon su tashi su haɗe, tun daga wajen wuya, ɗinkin ya bi sama ya bi ƙasa. Bututun da aka samu shi ne asalin ƙwaƙwalwa da laka.

Wannan tunani ba sabo ba ne. Tun a 1874 Wilhelm His, masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya riƙa lanƙwasa bututun roba don ya nuna yadda ƙwaƙwalwa ke samun siffarta. Wasu takwarorinsa suka yi masa ba'a. A ganina ya fi su hangen nesa.

Abin lura shi ne, wannan ɗinki yana ƙarewa ne wajen kwana 28. Idan bakin sama ya ƙi rufewa, ƙwaƙwalwa ba za ta ginu ba, jaririn kuma ba ya rayuwa. Idan na ƙasa ne, sai a haife shi da ƙullutu a gadon baya, sau da yawa tare da shanyewar ƙafafu da kasa riƙe fitsari.

A 1991 wani babban bincike da aka jagoranta daga Birtaniya ya nuna cewa ƙwayar folik asid tana rage maimaituwar wannan lalura da wajen kashi 70 cikin ɗari. Amma fa lokaci ne matsalar. Matar da ta taso daga wani ƙauyen Gwaram zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu don awon fari, da cikin wata huɗu, ta zo ne bayan an gama ɗinkin da daɗewa. Saboda haka ne likitoci ke ba da shawarar a soma shan maikrogiram 400 kullum tun kafin ciki ya shiga. Wake da alayyafo da gyaɗa suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin ƙwayar.