Burbushin Ƙasusuwa da Matsalar Ƙayyade Asalin Salamanda

Salamanda dabba ce mai siffar ƙadangare, amma 'yar'uwar kwaɗo ce, domin fatarta danshi gare ta, kuma da yawa daga cikinsu a ruwa suke fara rayuwa. Ba mu da ita a ƙasar Hausa. A Afirka sai a Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Abin da wannan takarda za ta duba shi ne yadda masana ke ƙayyade lokacin da zuriyarta ta ɓulla.

Da farko ya kamata mu fahimci cewa ba ƙashin ake aunawa ba, dutsen da ya binne shi ake aunawa. Idan akwai tokar aman wuta a sama ko ƙasa da shi, sai a duba yawan yuraniyom da ya rikiɗe ya zama dalma a cikinta, domin an san saurin wannan rikiɗa. Ta haka aka gano cewa Chunerpeton, wadda Gao da Shubin suka bayyana a 2003 daga arewacin ƙasar Sin, ta kai kimanin shekara miliyan 160. Kafin wannan, a 1978, Ivakhnenko ya bayyana Karaurus daga Kazakistan, da kuma wata 'yar ƙaramar halitta, Triassurus, daga Kirgizistan. An daɗe ana gardama a kan ta biyun, saboda ƙasusuwanta ba su fito sosai ba. Sai a 2020 Schoch da abokan aikinsa suka nazarci sabon samfuri, suka nuna cewa lalle tana cikin tushen zuriyar. Shekarunta kuwa wajen miliyan 230 ne.

To, a nan ne muke ganin ɗalibai, har da wasu littattafai, suna yin kuskure. Burbushi mafi tsufa ba ranar haihuwar zuriya yake nunawa ba. Iyakarsa ya shaida cewa ta riga ta wanzu a lokacin. Ƙashin salamanda siriri ne, da wuya ya tsira. Hujja mafi ƙarfi ma daga kwaɗo ta zo. Triadobatrachus na Madagaska, wanda ke tushen zuriyar kwaɗi, ya kai shekara miliyan 250. Tun da kwaɗi da salamanda kaka ɗaya suka haɗa, ashe ke nan reshen salamanda ya riga ya rabu a wannan lokaci. Saboda haka akwai giɓin aƙalla shekara miliyan 20 da har yanzu ba a tono ƙashinsa ba.