Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Sayen Cibiyar Sarrafa Fitilun Zamani

KAFANCHAN: Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da ƙarin kuɗin wutar lantarki da ya biyo baya a watan Afrilu na 2024, samar da haske ya shiga sahun abubuwan da ke cin aljihun ɗan kasuwa. Masu otal-otal da masaukan baƙi a Kafanchan, da masu gidajen hayar ɗalibai a kewayen Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da fataken citta masu ɗakunan ajiya a Kwoi da Kachia, duk lissafinsu ɗaya ne, wato yadda za a haskaka wuri ba tare da riba ta tafi a sayen mai da yunit ba.

Daga cikin hajojin da dillalan kayan lantarki ke tallatawa a wannan hali akwai fitilun zamani masu karɓar umarni, waɗanda ake kunnawa da kashewa ta wayar hannu, ko a tsara masu lokacin da za su kama da kansu. Jigon wannan tsari shi ne wani ɗan ƙaramin akwati da ake kira cibiyar sarrafa fitilu. Mutumin Kafanchan ba zai sha wahalar gane aikinta ba, domin garin kansa ya bunƙasa ne tun shekarun 1920 a matsayin mahaɗar layukan dogo na Fatakwal da Kaduna da Jos. Haka cibiya take: umarni daga waya ko agogo ko na'urar jin motsi yakan iso gare ta, ita kuma ta aika shi ga fitilar da ake nufi. Idan ta tsaya, tsarin ya tsaya.

Lissafin riba

Kafin a zo ga zaɓi, ya dace a ware abin da cibiya ke tsimi daga abin da ƙwan fitila ke tsimi, domin masu talla kan gauraya su. A ɗauki misalin masauki mai ƙwayaye 20 da ke ci awa 10 a rana. Idan tsofaffin ƙwayaye ne masu wat 60, za su sha yunit 12 kullum. Idan aka musanya su da na LED masu wat 9, waɗanda haskensu kusan ɗaya ne, yunit 1.8 kawai za su sha. Wannan babban rangwame daga ƙwan ya fito, kuma LED na gama-gari da ake samu a kowane shago ma zai bayar da shi.

Abin da cibiya ke ƙarawa shi ne hana ɓarna. A ce ta rage awa uku da ake barin fitilu a kunne a banza: abin da aka tsira da shi yunit 0.54 ne a rana. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanya wa rukunin A a watan Afrilu na 2024, wato masu alkawarin samun wuta aƙalla awa 20 a rana, wannan ya kama kimanin naira 3,600 a wata, kuma ga 'yan sauran rukunai bai kai haka ba. Bugu da ƙari, ƙwan zamani yakan ja kusan rabin wat ko da a kashe yake, saboda yana sauraron umarni, abin da zai iya cinye kusan sulusin ribar.

Saboda haka amfanin cibiya na gaskiya yana wani wuri. Na farko tsaro, domin fitilun harabar ɗakin ajiya za su kama da magariba ko maigadi ya makara, su kuma ƙara haske idan an ji motsi. Na biyu kare batirin inbata, domin mai amfani da sola zai iya rage hasken farfajiya bayan tsakar dare don batir ya kai asuba. Na uku sa ido, domin mai otal zai ga ɗakin da aka bar fitila a kunne ba tare da ya zagaya ba.

Aiki ba tare da intanet ba

Tambaya ta farko ga dillali ita ce: idan data ta ƙare ko layin sadarwa ya yanke, cibiyar za ta ci gaba da aiki? Wasu na'urori, musamman ƙwayaye masu araha da ke haɗuwa kai tsaye da Wi-Fi, sukan aika umarni zuwa kwamfutocin kamfaninsu a ƙasar waje kafin ya dawo ga fitilar da ke saman kanka. Wasu kuwa, irin su cibiyar Philips Hue da aka fara sayarwa a 2012, da Dirigera ta kamfanin IKEA ta 2022, da manhajar Home Assistant, suna ajiye jadawalin a cikin gida, intanet kuwa ana bukatarta ne ga mai son bayar da umarni daga nesa.

Wannan bambanci ya taɓa jawo wa masu saye hasara. A 2016 kamfanin Nest ya rufe hidimar cibiyar Revolv, akwatunan da mutane suka saya suka zama kwali. A 2020 kamfanin Wink ya ɗora wa masu cibiyarsa biyan dala 4.99 a wata. A watan Afrilu na 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, sai bayan kimanin wata biyu wasu daga cikin masu amfani da kayan suka sayi kamfanin suka maido da hidimar. Ga ɗan kasuwar da ke samun kuɗi a naira, duk hidimar da ake biya da dala kowane wata bashi ne da ke ƙaruwa da faɗuwar darajar naira.

Idan an ɗauke wuta

Tambaya ta biyu ita ce halin na'urar idan wuta ta tafi ta dawo. Masu ƙera waɗannan kaya sun yi su ne don ƙasashen da ɗauke wuta baƙon abu ne, alhali a watan Oktoba na 2024 sassa da dama na Arewacin Nijeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan dakon wuta. Ƙwayaye da yawa, da zarar wuta ta dawo, sai su kama da cikakken haske ko da ƙarfe biyun dare ne, abin da baƙon otal ba zai yi godiya a kai ba. A nemi tsarin da ke ba da damar cewa ƙwai ya koma yadda yake kafin a ɗauke.

Akwai kuma abin lura game da Zigbee, hanyar sadarwar da yawancin cibiyoyi ke amfani da ita. A wannan tsari ƙwayayen kan miƙa wa juna saƙo har ya kai na nesa. Idan rabin ginin yana kan inbata, rabin kuma a kan wutar kamfani, to ɗauke wuta zai katse sarƙar, fitilar bakin ƙofa ta daina jin umarni ko da tana da wuta. Maganin shi ne a ɗora cibiyar da ƙwayayen da ke kan hanyar saƙo a layin inbata, a kuma sa masu kariya daga hawa da saukar wuta, musamman lokacin tsawar damina. Haka nan duk ma'aikacin da ya kashe makunnin bango ya raba ƙwan da cibiya.

Kayan wace ƙasa

Tambaya ta uku ita ce kasuwar da aka yi wa kayan. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, don haka ƙwan da ɗan'uwa ya aiko daga can, ko aka tsinta cikin kayan gwanjo, yana iya ƙonewa nan take. Na'urorin Z-Wave na Amurka da na Turai ma ba su jin juna, domin zangon rediyonsu ya bambanta. Kayan da aka yi don Ingila sun fi dacewa da soket ɗinmu mai ƙafa uku. A kuma duba mazaunin ƙwai, ko na murɗawa ne ko na turawa a juya.

Ɗaure kai ga kamfani ɗaya

Kuɗin cibiya kaɗan ne idan aka kwatanta da na ƙwayaye da makunnai da za a yi ta saye a bayanta, kuma nan ne kamfani ke cin ribarsa. Don rage wannan ɗauri, a watan Oktoba na 2022 aka ƙaddamar da ƙa'idar Matter, wadda Apple da Google da Amazon da Samsung suka mara wa baya, domin kayan kamfanoni daban-daban su yi aiki tare. Cibiya mai Zigbee da Matter ta fi bai wa mai saye sararin neman ƙwai mai sauƙi a Jos ko Kaduna ko Abuja idan na farko ya mutu. A tambayi kuma adadin da take iya ɗauka: cibiyar Hue da aka saba da ita ƙwayaye kusan 50 aka ƙayyade mata, wanda ya ishi gida amma ba lalle ya ishi otal ba.

Daga ƙarshe, shawara ga mai niyya ita ce ya fara da kaɗan, kamar fitilun tsaro huɗu ko biyar, ya gwada su damina guda. Kafin ya biya, ya sa dillali ya cire intanet a gabansa, sa'annan ya kashe wuta ya maido. Cibiyar da ta ci wannan jarrabawa biyu ita ce ta dace da Kudancin Kaduna. Wanda kuwa bukatarsa ba ta wuce fitila ta kama da dare ta mutu da safe ba, ƙwan LED da ɗan makunni mai jin hasken rana sun ishe shi, ragowar kuɗin ya bar su cikin jari.