Soseji a Gida: Kayan Aikin da Uwargida Za Ta Tanada

Yau za mu duba batun soseji, wato niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa cikin hanji a soya ko a gasa. Da yawa cikinmu muna gudunsa don an ce na alade ne. Gaskiya ne a Ingila da Jamus galibi da naman alade ake yinsa, amma Musulmin Aljeriya da Tunisiya da Maroko sun daɗe suna yin nasu da naman rago da na sa, suna ce masa margez. In uwargida ta yi da hannunta, ta san abin da ya shiga cikin iyalinta.

Babban abin da ake bukata shi ne injin niƙa nama. A ganina mai fara koyo kada ta matsa wa maigida sai ya sayo na lantarki. Na hannu, wanda ake ɗaurewa a bakin tebur a riƙa juyawa, ya fi araha, kuma babu ruwansa da ɗauke wuta. Ana rubuta musu lamba gwargwadon girma. Lamba 8 ko 10 ta ishi gida, 22 da 32 kuwa na masu sana'a ne. Kafin ki biya, ki sa a kwance miki shi a gabanki. Ki duba wuƙarsa da farantin nan mai huji-huji, su zauna daram a kan juna, domin in akwai tazara injin zai riƙa dagargaza nama maimakon yanka. Faranti mai huji milimita 4.5 ko 6 ya dace. In aljihu ya yarda, ki zaɓi ƙarfen da ba ya tsatsa. Na zubi ma yana aiki, sai dai yana son a busar da shi a shafa masa man gyaɗa bayan kowane wanki. Kada ki baro kanti ba tare da bututun ɗura ba, siririn, don hanjin rago ba shi da faɗi. Wadda ba ta samu ba, mazurari mai tsabta da babban yatsa za su yi, aikin ne kawai zai ja lokaci.

Injin markaɗen unguwa kam ki bar shi ga tumatir da wake. Yana ɗaukar zafi, ba ki kuma san abin da aka niƙa kafin naki ba.

Hanji kuwa, ki nemi ƙaramin hanjin rago wurin mahauci, ko ki ware na layya. Ki tatse shi, ki zura ruwa ta ciki sau da yawa, ki kankare da bayan wuƙa a hankali har ya zama shara-shara, sannan ki ajiye cikin gishiri. Ranar aiki ki jiƙa shi rabin awa a ruwan ɗumi.

A kilo ɗaya, kashi uku tsoka ne, kashi ɗaya kitse. Mai ƙyamar kitse za ta ci soseji busasshe kamar dusa. Gishiri giram 18, wato kamar ƙaramin cokali uku shafaffu, sai tafarnuwa da garin tattasai da barkono da masoro. Nama ya yi sanyi ƙarara kafin niƙa, ki kuma yi aikin da sassafe, don da zarar kitse ya fara narkewa ya ɓata. Ki cuɗa har ya yi danƙo, ki soya ɗan kaɗan ki ɗanɗana, sannan ki ɗura. Kada ki cika hanjin ya yi tam, zai fashe a wuta. Inda iska ta shiga ki soke da allura.

Ga wurin da nake roƙon a saurara, musamman 'yan makaranta masu son gwaji. Wannan ɗanyen nama ne, ba kilishi ba. Kada a rataye shi a igiya wai ya bushe. Kilishi falle ne siriri da rana ke ratsawa, cikin soseji kuwa damshi ne babu iska, kuma a irin wannan wuri ne wata ƙwayar cuta ke fitar da dafi mai shanye jiki har ya hana numfashi. Wani likitan Jamus, Justinus Kerner, ya yi bayanin wannan cuta tsakanin 1817 da 1822 bayan ta hallaka mutane da suka ci soseji mara kyau. Busasshen da ake gani a kantuna, da wani gishirin magani na musamman ake haɗa shi, wanda ake aunawa da sikeli.

Saboda haka wadda ba ta da firij ta yi na ci a ranar kawai. A firij kwana biyu ne iyakarsa, a gidan ƙanƙara kuwa zai kai wata biyu in wuta ta tsaya. A soya a marar ƙarfin wuta ana juyawa, a tsaga guda a tabbatar ya dahu har tsakiya kafin a kai wa yara. Mai ma'aunin zafi ta duba ya kai digiri 71.