Uwar Kuɗi da Riba: Yadda Za Ku Koyi Riƙon Kuɗi Tun Kuna Yara

Ɗalibai, kusan kowannenku yana riƙe kuɗi kullum. Wani ana ba shi kuɗin mota, wata ana ba ta kuɗin abinci, wani kuma ana aiken sa kasuwa ya dawo da canji. Samun kuɗi daban ne da iya riƙonsu. Akwai mutanen da ke samun kuɗi masu yawa amma kullum suna cikin bashi, akwai kuma masu ƙaramin samu da suka gina gida suka ilimantar da 'ya'yansu. A wannan darasi za mu duba yadda 'yan kasuwar Hausawa mazauna Legas suke riƙon kuɗi, domin mu ga abin da ɗalibi zai koya daga gare su.

Daga wuri zuwa naira

Kafin zuwan Turawa, da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa da ƙasar Yarabawa. Wuri ƙoƙon wata ƙaramar halittar teku ne, kuma jam'insa a Hausa shi ne "kuɗi". Daga nan kalmar ta samo asali. Bayan wuri aka yi amfani da fam da sule, sannan ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta fara amfani da naira da kwabo. Kwabo ɗari ne ke yin naira ɗaya. Har yau ba a manta da wuri ba. Idan kuka shiga motar BRT daga Ikorodu, da katin Cowry kuke biya, kuma sunan katin yana nufin wuri.

Hausawa da kasuwanci a Legas

Hausawa suna kiran Legas da suna Ikko, kuma fatauci ne ya kawo yawancinsu nan. Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fatake suke zuwa Agege sayen goro su aika Arewa, har unguwar Hausawa ta kafu a can. A yau manyan motoci suna sauke tumatir da tattasai da albasa a kasuwar Mile 12 da ke kan hanyar Ikorodu. Daga nan ƙananan 'yan kasuwa suke sarowa su kai kasuwar Sabo ta Ikorodu da sauran unguwanni su sayar kashi-kashi. Da yawa daga cikinsu ba su yi karatun boko mai zurfi ba, amma sun san wata ƙa'ida da kowane ɗan kasuwa ke kiyayewa: ba a cin uwar kuɗi.

Mece ce uwar kuɗi?

Uwar kuɗi ita ce kuɗin da aka zuba a cikin sana'a, wato jari. Riba kuwa ita ce abin da ya hau bayan an sayar da kaya an cire duk abin da aka kashe. Ga misali. A ce mai tumatir ya saro kwando ɗaya a Mile 12 a kan ₦30,000, ya biya ɗan dako da mota ₦2,000. Uwar kuɗinsa ₦32,000 ke nan. Idan ya sayar da tumatirin duka a kan ₦38,000, ribarsa ₦6,000 ce kawai. Da yamma aljihunsa cike yake, amma ya san ₦32,000 na kwandon gobe ne. Daga cikin ribar zai ci abinci, ya aika gida, ya ajiye wani abu saboda ranar da tumatir zai ruɓe ko kasuwa ta faɗi. Idan ya taɓa uwar kuɗi yau, gobe rabin kwando zai iya sarowa, jibi kuma sai ya ci bashi. Haka ake karyewa, a hankali.

Ku ma kuna da uwar kuɗi, ko da ba ku sayar da komai. Kuɗin mota da na littafi da na jarrabawa suna da aikin da aka ba ku su dominsa. Ɗalibin da ya saye alewa da katin waya da kuɗin motarsa ya ci uwar kuɗi, kuma zai koma gida a ƙasa.

Buƙata da sha'awa

Kafin ku sayi abu, ku tambayi kanku: buƙata ce ko sha'awa? Buƙata ita ce abin da rashinsa zai cutar da ku, kamar abinci da magani da littafin rubutu. Sha'awa ita ce abin da rai ke so amma za a iya haƙura da shi. Babu laifi mutum ya sayi abin sha'awa, in dai ya fara biyan buƙata. Yana da kyau ku riƙa rubuta abin da ya shigo hannunku da abin da ya fita, a bayan wani tsohon littafi. Bayan mako biyu za ku ga inda kuɗinku ke zurarewa.

Hanyoyi uku na tanadi

Hanya ta farko ita ce asusu. Asusu ɗan ƙaramin tulu ne na yumɓu ko akwatin katako mai siririn baki, ana jefa kuɗi a ciki, ba a fitarwa sai an fasa. Yarabawa suna kiran sa kolo. Idan ana ba ku ₦500 kowace ranar makaranta kuka jefa ₦100, a mako kun tara ₦500, a zango mai mako 12 kuma ₦6,000. Da yayyafi kogi kan cika.

Hanya ta biyu ita ce adashi, wanda Yarabawa ke kira esusu, Ibo kuma isusu. Mutane goma, alal misali, kowa yana zuba ₦500 a mako, mutum ɗaya ya kwashi ₦5,000, a yi ta zagayawa har kowa ya kwasa. Wadda ke tara kuɗin ana kiran ta uwar adashi. Adashi ba ya ƙara wa kowa ko kwabo, amfaninsa shi ne yana tilasta wa mutum tanadi. Haɗarinsa kuma shi ne wanda ya riga ya kwasa yana iya daina zubi. Saboda haka kada ku shiga adashi sai da sanin iyayenku.

Hanya ta uku ita ce banki. Ku lura da cewa a Hausar yau ajiyar banki ma sunanta asusu. Iyaye suna iya buɗe wa yaro asusu da sunansa. Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1959, shi ke ba bankuna lasisi, hukumar NDIC da aka kafa a 1988 kuma tana ba ajiyar mutane kariya har zuwa wani adadi idan banki ya durƙushe. Kuɗi masu yawa sun fi tsira a banki, domin asusun gida ana iya sace shi.

Ku sani kuma farashi yana tashi. Abin da ₦1,000 ta saya bara ba lallai ta saye shi bana ba. Don haka ku yi tanadi da manufa: takalmin makaranta, ko ƙamus, ko kuɗin koyon sana'a. Idan kuɗin sun kai, ku biya buƙatar.

Bashi da kwaɗayi

Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Duk da haka, wanda ya ci bashi ya kashe kuɗin gobe tun yau. Idan kun ara, ku biya a ranar da kuka yi alkawari, domin a kasuwa mai cika alkawari ne ake ba kaya ya sayar kafin ya biya. Ku guji masu cewa za su ninka muku kuɗi cikin kwana kaɗan. A Disamba 2016 shirin MMM ya dakatar da biya a Nijeriya, mutane da yawa suka yi asarar ajiyarsu. Kada kuma ku ba kowa lambar sirrin katin banki, ko da ya ce daga banki yake kira.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku fara a wannan makon: ku ware uwar kuɗi, ku rubuta abin da kuka kashe, ku jefa wani abu a asusu komai ƙanƙantarsa.

Tambayoyi

1. Daga ina kalmar "kuɗi" ta samo asali?
2. Ku bambanta uwar kuɗi da riba.
3. Mai albasa ya saro buhu a kan ₦40,000, ya biya mota ₦3,000, ya sayar a kan ₦50,000. Nawa ce ribarsa?
4. Ku faɗi amfani ɗaya da haɗari ɗaya na adashi.
5. Ku rubuta buƙatu uku da abubuwan sha'awa uku na ɗalibi.