Gwanin Dara A Damagaram: Suna A Baki, Wasa A Rairayi

Duk wanda ya ratsa unguwannin Damagaram bayan sallar la'asar, daga Birni zuwa Zango, ko ya bi ta gefen kasuwar Dole ranar Alhamis sa'ad da ciniki ya fara lafawa, ba zai rasa ganin gungun maza a tsugune gindin bedi ko inuwar katanga ba, kowa ya zuba wa ƙasa ido. Baƙo sai ya yi tsammanin wani abu ne ya faɗi ake nema. Dara ake yi. Mutum biyu ne ke wasan, amma goma ne ke gardamarsa.

Wasanni biyu ke amsa sunan dara a ƙasar Hausa. Akwai ta gurabu 12 wadda ake kwasar ƴaƴa ana zubawa gida-gida, akwai kuma ta gurabu 30, wadda ƴan'uwanmu Zabarmawa ke kira dili, a wasu wurare kuma a ce da ita doki. Wannan ta biyu ita ce ta manyan maza, a kanta kuma wannan bayani zai tsaya.

Kayanta ba su cin ko dala. Da yatsa ake tona gurabun a rairayi, layi 5, kowane layi gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12, wannan ya riƙi tsinke, wancan tsakuwa ko busasshen kashin raƙumi, don kada su rikice. Da farko sai a yi ta dasa su ɗaya-ɗaya, wannan ya sa, wancan ya sa, ba a kuwa yarda mutum ya jera uku a wannan lokaci ba. In an gama dashe, gurabu 6 kaɗai suka rage babu kowa, a cikinsu ne dukan yaƙin zai gudana. Ɗa yana matsawa gurbi guda, gaba ko baya, dama ko hagu, ban da karkace. Wanda ya jera ƴaƴansa uku a miƙe ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda ƴaƴansa suka gaza uku, an kashe shi ke nan.

Yaro ɗan lakwal zai iya haddace wannan ƙa'ida cikin rabin awa. Gwaninta kuwa tana cin shekaru. Masu wasan sun san tun wajen dashe ake cin dara ko a faɗi, domin wanda ya bari aka toshe masa hanya tun farko, ƴaƴansa 12 za su zame masa kamar jakai a turke. Babban burin gwani shi ne ya shirya ƴaƴansa ta yadda ɗa guda zai riƙa zuwa yana dawowa tsakanin gurbi biyu, in ya tafi ya cika uku a nan, in ya komo ya cika uku a can. Wanda aka kafa wa wannan tarko, sai dai ya zauna yana kallo ana tsince masa ƴaƴa ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci kuma mai kafa tarkon ne ke mance bayansa, ya buɗe gurbin da bai kamata ba, a bi ta nan a rushe shi. Ba banza ba Bahaushe ke cewa dara ta ci gida, in makirci ya koma kan mai shi.

Gwanin dara ba da ita yake ci da iyalinsa ba. Tela ne, ko mahauci, ko baduku, ko tsohon ma'aikaci da ya ajiye aiki, ko manomin da rani ya ba hutu. Ya koye ta yana yaro, daga bayan manya, ana korarsa yana dawowa. Ya daɗe ana kashe shi kafin ya fara kashe wani. Sannu a hankali ya gagari tsaransa, sa'an nan ya gagari mutanen unguwa, har ranar da ya zauna gaban dattijon da kowa ke tsoro ya kashe shi sau biyu a jere. Daga wannan rana ba a sake kiransa yaro ba. Sunansa ya bi bakin fatake da ƴan kasuwa, ya isa Mirriya, ya isa Magarya da Matamai, har wani gwani na can ya ji, ya ce sai ya gani da idonsa. Ranar kasuwa ce ranar irin wannan haɗuwa. Babu takardar gayyata, babu alƙali, babu agogo. Wanda ya ci ya tashi da goro da girma, wanda aka kashe ya tashi da dalilai: rana ta yi, hankalinsa na wajen kaya, ƴan kallo sun dame shi.

Su ƴan kallon nan kuwa rabin wasan ne. Bisa ƙa'ida ba su da baki, amma wane ne zai hana su? Wannan ya yi gyaran murya, wancan ya yi tsaki, wani ya miƙe tsaye ya juya baya wai ba zai iya kallon ɓarna ba. Bayan an tashi sai shari'a ta zauna. A sake tona gurabun, a maida ƴaƴan inda suke, a ce da ya matsa wannan da bai mutu ba, wani ya ce ƙarya ne, da ta can za a shigo masa. Wannan gardama ita ce makarantar dara, a cikinta ne ƙananan ƴan wasa ke tsintar ilmi. Sai dai iyakarta magariba. Da an kira salla, ƙafa ta bi ta kan gurabun, iska ta ƙarasa sauran, gobe kuma kowa da yadda zai tuna abin.

Dole a faɗi cewa ba kowa ke ganin masu dara da mutunci ba. Malamai sun daɗe suna faɗakarwa a kan wasan da ke sa mutum ya makara salla, ko wanda aka sa wa kuɗi ya koma caca, matan gida kuma suna da nasu ƙorafin a kan maigidan da ya fita sayen cefane ya ɓuge gindin bedi. Maganarsu tana da tushe. Amma laifin na mai wasa ne da bai san lokacin tashi ba. Dara ba ta da ƙuri'a, ba ta da sa'a, abin da mutum ya shuka da hankalinsa shi yake girba.

Akwai wani wasa maƙwabcinmu da ya kamata masu son dara su san labarinsa. Kamar yadda aka sani, Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Barno, sarautu da yawa na fadarta kuma daga can aka aro su. A fadar Barno an yi wani wasa mai suna tsatsarandi, wanda asalinsa shi ne shaɗaranjin Larabawa, wato kakan darar Turawa da Faransawa ke kira eshek. Barebari sun raɗa wa ƴaƴan wasan sunayen fadarsu: babban ɗa shi ne Mai, na kusa da shi Ciroma, na kusurwa Kaigama, akwai kuma Fer, wato doki da Barbarci. Mutumin Damagaram ba ya bukatar a fassara masa Ciroma ko Kaigama. Turawan Ingila biyu, Meek a shekarar 1934 da Harris a 1939, sun rubuta bayaninsa a wata mujalla ta Landan, a lokacin kuwa masu iya shi sun riga sun ƙaranta ƙwarai. Wasan manya ne, a fada ya zauna, da fadar ta sake hali sai ya tafi. Da ba don waɗannan ƴan shafuka ba, da ko sunayen ƴaƴansa ba a sani ba yau.

Dara ta fi tsatsarandi sa'a, domin ta talakawa ce, duk inda rairayi yake akwai fagenta. Amma ciwon da ya kashe wancan yana jikinta: ba a rubuta ta.

A nan ne darar Turawa ta yi mata nisa. Allonta gida 64 ne, kowane gida da sunansa, harafi da lamba, a gasa kuma wajibi ne kowane ɗan wasa ya rubuta abin da ya taka da abin da aka taka masa. Saboda haka wasan da Anderssen da Kieseritzky suka yi a Landan a 1851, shekara 33 kafin rasuwar Sarki Tanimun, yaro zai iya shimfiɗa shi yau ya bi shi taki-taki, ya ga inda aka yi dabara da inda aka yi kuskure. Ƙungiyar duniya ta wannan wasa, FIDE, an kafa ta a Paris a 1924, tun 1970 kuma take amfani da wani lissafi da ke bai wa kowane ɗan wasa maki gwargwadon waɗanda ya kayar da waɗanda suka kayar da shi. Ta haka malamin lakwal ko akawun da ke wasa ranar Lahadi kawai ya san matsayinsa tsakanin dubban mutanen da bai taɓa gani ba. Yau da intanet ta zo, irin wannan mutum yana karawa da na Indiya ko Amurka daga ɗakinsa, wasan kuma yana nan ajiye, a yi ta gardama a kansa shekara da shekaru.

Kada a ce wannan sai Turawa. Baba Sy, ɗan ƙasar Senegal, a bakin titi ya gwanance da wasan dam mai gida 100, irin wanda ma'aikata ke bugawa a garuruwanmu. Wani Bafaranshe ɗan wasa ya gan shi a Dakar, aka kai shi Turai, a 1959 ya zama zakaran Faransa. A 1963 ya cancanci karawa da zakaran duniya, Kuperman na Tarayyar Sobiyet, amma karawar ba ta yiwu ba. Ya rasu a haɗarin mota a 1978. Sai a 1986 ƙungiyar dam ta duniya ta tabbatar masa da sarautar 1963, shekara 8 bayan yana ƙasa. Abin da ya sa aka iya maida masa haƙƙinsa shi ne akwai takarda: an san wanda ya kayar, da ranar, da yadda ya yi. Wani zakaran duniya ɗan Holan, Ton Sijbrands, ya tattara wasanninsa a littafi. Gwanin darar da ya gagari Damagaram a wancan zamani, wa zai tattara nasa?

Ko a cikin gida akwai abin koyi. Kokowa ma wasan ƙauye ce, ta bayan girbi, kowane gari da zakaransa. Da gwamnati ta shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, aka tsaida ƙa'ida guda, aka sa takobi, sai ga sunaye sun zauna. Yau filin kokowar Damagaram yana ɗauke da sunan Langa-Langa, yara kuma sun san Balla Haruna. Kokowa tana da ganga da mawaƙa da ƴan kallo dubbai, dara ba za ta taɓa cika fili irin haka ba, ba kuma wannan ake nema mata ba.

Abin da ke sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne matasa. Tun shekarun 1990 da zaman fada ya yaɗu a Damagaram, samari sun sami nasu wurin hira da shayi, dabam da gindin bedin dattawa. Karta da lido sun shiga, daga baya salula ta zo ta rinjayi kowa. Yaron da a dā zai tsaya bayan manya yana satar dabara da ido, yau idonsa na kan tafin hannunsa. Ba ƙin wasan tunani suka yi ba. A Legas, wani saurayi mai suna Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa darar Turawa a 2018, a 2024 kuma ya yi awa 60 yana wasa ba tashi a birnin Niyok don tara kuɗin karatun yara, samarin Afirka ta Yamma da yawa suka bi labarin ta salula. Sha'awar tana nan. Wasan da ke da suna da maki da tarihi shi ke jan ta.

Rubuta dara ba ya bukatar injin ko kuɗi. Wanda ya san baƙaƙe da lambobi ya isa. A raɗa wa layukan tsaye shida haruffa, A, B, C, D, E, F, a bai wa na kwance biyar lambobi daga 1 zuwa 5. Kowane gurbi ya sami suna ke nan. Wajen dashe a rubuta gurbin kawai, misali C3. Wajen tafiya a rubuta inda ɗa ya taso da inda ya sauka, C3-C4, in an ci kuma a ƙara sunan gurbin da aka cire ɗa. Wasa guda ba zai cika shafin kaye ba. Mutum na uku ne zai riƙe alƙalami, don kada a ɗauke hankalin masu karawa, a sama ya sa sunayensu da garinsu da ranar.

Wahalar tana wani wuri, ma'aikatan matasa da wasanni da ke son shirya gasa tsakanin garuruwa kuma za su ci karo da ita tun ranar farko. Ƙa'idar dara ba ɗaya ba ce ko'ina. A wani gari in ƴaƴa huɗu suka jeru ba a ci ba, a wani ma haramun ne a jera su. Wasu sun hana a cire ɗan da ke cikin jerin uku, wasu sun yarda. Akwai wuraren da ake tona gurabu 36 maimakon 30. Kowane gwani kuwa zai rantse tasa ce ta kakanni. Kafin a kira mutumin Gure ya zauna gaban na Tanut, sai an tara dattawan wasan, an saurari kowa, an rubuta abin da aka yarda da shi da Hausa, a karanta musu su ji da kunnensu. Su sauran ƙa'idojin da ba a ɗauka ba, a rubuta su su ma, kowace da sunan garin da ake bin ta.