Ma'aunin Tasirin Bincike: Darasi Daga Ayyukan Michael Mortimore a Karkarar Kano

Gabatarwa

A manyan makarantunmu an saba auna darajar malami da yawan maƙalun da ya buga, da kuma yawan manazartan da suka ambace shi. Wannan takarda za ta duba ayyukan Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa wanda ya rasu a 2017, domin nuna abin da yake jawo irin wannan ambato.

Rubuce-rubucensa

Mortimore ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962, sannan ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a 1979. A 1965 shi da J. Wilson suka buga nazari a kan ƙasa da jama'a a karkarar da ta kewaye birnin Kano, inda gona take manne da gona, babu saura, babu hutu. A lokacin, ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne cewa yawan jama'a yakan kashe ƙasa. Shi kuwa sai ya tarar manoma suna ɗauko taki da toka daga birni a bisa jakuna, suna haɗa gero da dawa da wake a gona guda, suna ciyar da awaki da harawa, kashinsu ya koma gona. Bayan farin 1972 zuwa 1974 ya daɗe yana bibiyar ƙauyen Dagaceri, wanda yanzu yake Jihar Jigawa, har ya fitar da Adapting to Drought a 1989.

Haɗin Gwiwa

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Littafin Wood Fuel in Kano na 1990 aikin manazarta shida ne, ciki har da J. A. Falola da Reginald Cline-Cole. Sun haɗa hotunan jirgin sama da ƙidayar itatuwa, suka nuna cewa manomi yana tattalin ɗorawa da tsamiya da gawo a gonarsa, duk da bukatar makamashi a birni. A 1994 ya haɗa kai da Mary Tiffen da Francis Gichuki suka gwada wannan ra'ayi a Machakos ta Kenya, cikin More People, Less Erosion. Ta haka ne sakamakon binciken Kano ya kai ga masana tattalin arziki da na muhalli da na aikin gona, kowane ɓangare yana ambatonsa.

Kammalawa

Ashe ke nan tasirin ya samo asali ne daga daɗewa a wuri guda da yin aiki tare da masana wasu fannoni. Hukumar da take ƙidayar maƙala kawai wajen ƙarin girma tana hana matashin malami irin wannan haƙuri. Har ila yau, littattafan nan da Turanci aka rubuta su, alhali manoman da aka ɗebo ilmin a wurinsu da Hausa suke magana. Ya kamata kwalejojin ilmi su ɗauki nauyin mayar musu da shi cikin harshensu.